Baffa da Kwalinsa Mai Huji Arba'in

A gidanmu ni ake tambaya shekarar da aka haifi wane, da ranar da aka tashi daga tsohon gida, da wanda ya fara kwanciya asibiti tsakanin kakanninmu biyu. Ina da wani littafi mai baƙin bango da nake rubuta irin waɗannan tun ina aji biyu na sakandare. Yawanci layi biyu ko uku ne. Abin da ya sa yau na zauna na rubuta na Baffa da tsawo shi ne, makon jiya na ji shi da kunnena a ƙofar gidansa yana gaya wa wasu baƙi cewa shi a bakin aikinsa ko ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya bai raga wa ba, ya kayar da ita jarrabawa. Baƙin sai gyaɗa kai suke yi, ɗayansu har da cewa irinsu Baffa sun ƙare. Sai na ga in ba a rubuta yadda abin ya faru ba, nan da shekara goma ƙannena ma haka za su riƙa faɗa.

Baffa yayan babanmu ne, shi ne babba a ɗakinsu. Babanmu ke bi masa, sannan Goggo, autarsu. Shi kaɗai ya yi karatu mai ɗan nisa, kuma bai taɓa barin kowa ya manta ba. Baba makanike ne, Goggo tela ce, Baffa kuwa ma'aikaci. In ya zo gidanmu ya tarar da Baba da baƙin mai a hannu, gefen hannu yake miƙa masa, wai kada a ɓata masa riga. Rigar nan kuma Goggo ce ta ɗinka ta. Tun da ta iya taka keke ba a taɓa ɗinka masa ko aljihu a waje ba, amma ban taɓa jin ya ce mata sannu ba. Sai dai ya tsaya gaban madubi ya juya wuya, ya ce, "Auta, wuyan nan ya ɗan yi."

"Ya ɗan yi me, Yaya?"

"Ya dai ɗan yi."

A cibiyar koyar da sana'a ya yi aikinsa duka. Ba a malami ya shiga ba, mai kula da sito ne: shi ke ƙirga kekunan ɗinki, da almakasai, da ƙunshin zare, ya kulle, ya rataya makullai a ƙugu suna ƙara duk inda ya bi. Da malamin da ke koyar da darasin aji a sashen ɗinki ya bar aiki, aka duba aka ga ba wanda ke da kyawun rubutu a allo kamar Baffa, sai aka miƙa masa littafin wancan malamin aka ce ya riƙe kafin a kawo wani. Ba a kawo ba. Haka mutumin da maɓalli kan tsinke masa ya adana shi a aljihu har sai ya zo wajen Goggo ya zama malamin ɗinki.

A shekararsa ta farko aka tura shi bita ta kwana uku kan yadda ake gwada ɗalibai. Ya dawo da jaka, da jan biro, da wata dabara da ya gani a can wadda ya riƙe har ya yi ritaya. Tambaya arba'in, kowace da amsa huɗu, A, B, C, D. Ɗaliba ba ta rubuta komai. Takarda ake ba ta mai layi arba'in, kowane layi da akwati huɗu, ta shafe wanda ta zaɓa da baƙin biro. Shi kuma malami yana da kwali daidai girman takardar, an huda shi wuri arba'in, kowane huji a kan amsar da take daidai. Ka ɗora kwali, ka ƙirga hujin da ya nuna baƙi, ka rubuta maki. Shi ke nan.

Baffa ya yanka nasa daga kwalin dutsen guga, da reza, ya shafe yini biyu yana yi. Ya naɗe gefunansa da salatif. A durowa yake kulle shi, cikin tawul, kamar jariri. Kuma bai tsaya nan ba. Akwai malamai mata biyu da ke koyar da aikin hannu, su ne suke ganin wadda ta iya da wadda ba ta iya ba, amma Baffa ya bi shugabannin cibiyar da surutu har aka yi doka: duk kyawun hannunki, in ba ki ci ashirin a takardarsa ba, babu takardar shaida. Hujjarsa ɗaya ce, kuma ya faɗe ta sau dubu, a ofis da gida: "Ido yana da dangi, kwali ba shi da dangi."

Shekara goma sha tara bai sauya tambaya ko ɗaya ba, don sauya tambaya yana nufin yanka sabon kwali. Na ga tambayoyin. Keken ɗinki sassa nawa gare shi. Wanne ne a cikin waɗannan ba aikin almakashi ba. A wace shekara aka ƙera keken farko. Babu inda aka tambayi yadda ake haɗa hannun riga. Ɗalibai kuwa ba wawaye ba ne. Tun shekara ta uku suka mai da amsoshin waƙa, ’yan gaba suna koya wa ’yan baya a bayan aji, ana tafi. Duk shekara kowa ta ci, Baffa ya hura hanci ya ce tsarinsa ne. Su kuma a bayan idonsa Malam Huji suke ce masa. Ya san sunan, amma ya ɗauka yabo ne.

Ita Goggo shekararta goma sha huɗu a ɗakin ɗinki na wani asibiti. Ɗaki ne mai gajeren rufi a bayan wurin wanki, kullum cikin ƙamshin sabulu da zafin guga, keke uku a jere jikin taga. Zanin gado, rigunan marasa lafiya, koren kaya na ɗakin tiyata, labule, duk ta hannunsu suke bi. A matsayin wucin gadi aka ɗauke ta, a haka ta zauna, da shi ta riƙe ’ya’ya uku bayan rasuwar mijinta. Sai wata shekara sanarwa ta fito: duk ma'aikacin wucin gadi da ya kawo takardar shaidar sana'a kafin Juma'ar ƙarshe ta watan shida za a tabbatar da shi, da fansho da komai. Wanda bai kawo ba ya ajiye aiki a ranar.

Goggo ba ta da takarda ko ta firamare. Ta je ta yi rajista a cibiyar Baffa, ajin yamma, wata shida. Ta zauna benci ɗaya da yaran da ba su kai ’yarta ta fari ba. Mako biyu da fara zuwanta malaman aikin hannu suka riƙa cewa, "Mama, don Allah duba mana layin can," tana zagayawa tana gyara wa yara zaman allura. A ajin Baffa kuwa ko kallonta ba ya yi. In ta ɗaga hannu sai ya ce, "Ke ta bayan can," wai kada a ce yana son kai.

Yaran sun so su koya mata waƙar. Ta ce, "Ni da furfurata zan tsaya bayan aji ina tafa A da C? Ku dai ku yi." Karatunta a hankali ne, sai ta bi harafi da yatsa, don haka kullum in na dawo daga makaranta nakan karanta mata littafin Baffa tana ninkin kaya tana maimaitawa. Wani wurin ta tsaya ta yi dariya. "Sassa ashirin da uku? Wa ya ƙirga? To, rubuta min ashirin da uku, tunda haka Yaya ke so." Kafin wata biyar ta haddace shi kaf.

A shekarar ce aka kawo sabon darakta, matashi mai son kwamfuta. Ya ga takardun cibiyar duk sun dusashe saboda yawan kwafi, sai ya sa matar da ke buga takardu ta sake buga komai, a sa tambarin cibiya a sama da layin take a ƙarƙashinsa. Ta buga yadda aka ce. Takardar amsa ta fito fes, layi arba'in, akwati huɗu-huɗu.

Ran Alhamis aka yi jarrabawa, su talatin da biyu. Baffa ya gama maki kafin shayinsa ya huce, abin da ya daɗe yana alfahari da shi ke nan. Ya sa hannu, ya buga hatimi, aka aika hedikwata. Ran Litinin aka manna sakamako a allon baranda. Mutum ɗaya ce ta ci, da maki talatin da tara. Sauran duka tsakanin shida da goma sha uku. Goggo tara.

Wadda ta ci ɗin wata yarinya ce da ake kira Shagwaɓa, wadda rabin watannin ba ta zo ba, in ta zo kuma farcenta take gyarawa. Ko waƙar ba ta tsaya ta koya ba. Duk mai hankali da ya ga allon nan zai ce a tsaya tukuna. Shekara goma sha takwas kowa na ci, bana kowa ya faɗi, har da matar da ke taya malamai koyarwa? Baffa kuwa sai ya goya hannu a baya yana zirga-zirga a baranda, yara na kuka, yana cewa, "Bana an tara mana daƙiƙai."

Saura kwana huɗu wa'adin asibiti ya cika. Ran Laraba Goggo ta zo garejin Baba ta ce ya raka ta. Ban bi su ba. Amma na ji labarin daga bakin kowannensu daban, kuma ba su saɓa ba sai a wuri ɗaya, zan faɗe shi in na zo kansa.

Ofishin Baffa ɗan ƙarami ne, tebur ɗaya, kujera ɗaya, kanta cike da tsofaffin takardu, fanka tana juyi ba iska. Bai ce su zauna ba, don babu inda za a zauna ɗin.

"In roƙo kuka zo, kun ɓata man mota," in ji shi.

"Ba roƙo ba ne, Yaya," in ji Goggo. "Takardata nake so in gani."

"Ba a nuna wa ɗalibi takarda."

Baba ya ce, "To ni ba ɗalibi ba ne. Nuna min."

Ina jin abin da ya sa ya yarda shi ne yana son su ga kwalin. Ya buɗe durowa, ya warware tawul, ya zaro takardar Goggo daga cikin tulin, ya shimfiɗa, ya daidaita kusurwar kwali da kusurwar takarda, ya danna da tafin hannu. "Ƙirga da kanka, in ƙirga bai fi ƙarfin makanike ba."

Baba ya ƙirga. Tara.

Goggo ba ƙirga take yi ba. Ta sunkuya tana kallon saman kwalin. "Yaya, wannan hujin na farko me yake kallo?"

"Amsa ta ɗaya."

"Ni kuwa harafi nake gani a ciki. Shuɗi. Ina akwatin?"

"Auta, wannan ba ɗinki ba ne."

Ta miƙa hannu kan kanta ta zaro wata tsohuwar takardar amsa ta bara, ta haɗa ta da sabuwar gefe da gefe, ta ɗaga su jikin taga. Sannan ta sauke tef ɗin awo daga wuyanta, don ko ganin likita za ta yana wuyanta, ta auna daga saman takarda zuwa layin farko a tsohuwa, ta auna a sabuwa.

"Rabin inci," in ji ta. "Wannan layin take da aka ƙara ya turo komai ƙasa da layi guda. Hujinka na biyu amsata ta ɗaya yake kallo, na uku yana kallon ta biyu, haka har ƙasa. Rigar wani ka sa wa wani, Yaya."

Ta sa yatsa ɗaya ta ja kwalin ƙasa kaɗan, har hujin farko ya hau layin farko. Baba ya ce shi bai taɓa ganin abu irin wannan ba: hujin nan duk suka yi baƙi lokaci guda, kamar an kunna fitilu. Ya ƙirga da ƙarfi, yana buga tebur da yatsa. Talatin da bakwai.

A nan ne suka saɓa. Baba ya ce hannun Baffa ya yi rawa. Goggo ta ce ko kaɗan bai yi ba. Abin da suka haɗu a kai shi ne, ya sa hannun ya mai da kwalin sama, kusurwa kan kusurwa, ya ce, "Daga kusurwa ake ɗora kwali. Haka aka koya mana."

"Wa ya koya muku?" in ji Baba. "Makaho?"

"Kai, ka iya bakinka. Nan ba gareji ba ne."

"A gareji in na ɗaura taya a karkace mutum ne zai mutu, shi ya sa nake dubawa. Ba ni ta wadda ta zo na ɗaya mu gani."

Bai jira an ba shi ba, ya zaro ta saman tulin. Takardar Shagwaɓa baƙa ƙirin take daga sama har ƙasa. Yarinyar ba ta san amsa ko ɗaya ba, sai ta bi duk akwati huɗun kowane layi ta shafe. Duk inda huji ya faɗa, baƙi zai gani. A saman takardar an rubuta ƙarara cewa akwati ɗaya ake shafewa, amma wa zai gani? Baffa bai taɓa ɗaga kwali ya kalli takarda ba. Yana zarowa yake rufewa.

"Wannan fa, Malam?" in ji Baba.

Baffa ya kalle ta, ya kau da kai. "Kwali ya ba ta talatin da tara."

Goggo ta sassauta murya. Ta ce masa ba faɗa ta zo yi ba. Ta ce jibi ne wa'adi, in ya rubuta wa hedikwata layi biyu yau cewa an samu kuskure, ya ba ta kwafi da hatiminsa, ita za ta kai asibiti, shugabar ɗakinsu ta yi alkawarin tsaya mata. Layi biyu kawai.

"In rubuta me? In ce na yi kuskure?"

"To ba ka yi ba?"

"Na riga na sa hannu. Saura wata tara in yi ritaya, sunana yana cikin waɗanda za a karrama. Kuma in na gyara, me mutane za su ce? Don ƙanwarsa ce."

"Mu talatin da ɗaya ne, Yaya. Duk ƙannenka ne?"

"Ki sake zama baɗi. Ai yanzu kin san tambayoyin."

Ya naɗe kwalinsa cikin tawul, ya kulle durowa, ya duba agogo.

Ran Alhamis Baba ya rufe gareji ya je neman darakta, aka ce ya tafi taro sai mako mai zuwa. Ya je hedikwata, aka ce sai da takarda daga malamin da ya yi maki. Ya koma gidan Baffa da yamma, Inna matarsa ta fito ta ce yana hutawa, idonta a ƙasa. Ran Juma'a Goggo ta je ofishin ma'aikata na asibiti ta yi wa akawu bayani tun daga tambari har rabin inci. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Mama, wallahi na yarda da ke. Amma takarda aka ce mu karɓa, ba labari ba." Ta koma ɗakin ɗinki ta gama zanin gadon da ke kan kekenta, ta ninke, ta ɗauki almakashinta da kofin shayinta ta fito. Shugabar ɗakin ta rako ta har bakin titi tana share hawaye da gefen mayafi.

Bayan mako biyar, da iyayen yara suka matsa, aka manna wata ’yar sanarwa a allon baranda cewa an samu matsalar na'ura, an sake duba takardu. Matar da ta buga takardar aka ɗora wa laifi, aka mai da ita sito. Sunan Baffa bai fito ko'ina ba, sai ma a taron malamai ya ce shi ya gano matsalar da kansa. Shi ya sake yin makin, da kwalin nan dai, an ja shi ƙasa layi guda. Goggo ta samu talatin da bakwai ɗinta, ta zo ta biyu. Shagwaɓa ta tashi daga talatin da tara zuwa arba'in cif.

Kekenta na asibiti kuwa ba a bar shi ya yi ƙura ba. Tun makon da ta tafi asibitin suka aika cibiya a ba su ɗalibar da ta fi kowa maki, aka ba su Shagwaɓa.

Goggo ta dawo da tsohon kekenta na gida ɗakin da ke bakin ƙofarmu, Baba ya buɗe mata taga ta titi. Wata rana da la'asar sai ga Shagwaɓa da leda a hannu, ta durƙusa daga bakin ƙofa. A ledar koren rigunan tiyata ne guda shida, duk ta haɗa hannun dama a hagu, na hagu a dama. Ta ce likita ya sa ɗaya ya kasa miƙa hannu, an yi mata wankin babban bargo gaban kowa, in ta sake za a kore ta. Ni da na so Goggo ta kore ta. Goggo ta daɗe tana kallon rigunan, sannan ta tura mata kujera da ƙafa, ta miƙa mata reza. "Farke. Ba ke kika huda kwalin ba."

Wata uku yarinyar tana zuwa. A nan na ga yadda Goggo ke gwada mai koyo. Ba ta tambayar komai. In an gama riga sai ta ce, "Juya cikinta." Ta bi ɗinkin da babban yatsa. Ta kama gefe biyu ta ja da ƙarfinta. Sannan ta ce, "Sa ta. Ɗaga hannu. Sama. Sunkuya ki taɓa ƙasa." In riga ta ɗage ko ta riƙe hammata, reza. In ba ta yi ba, sai Goggo ta ce, "To," ta ci gaba da aikinta. Ran da Shagwaɓa ta samu "to" ɗinta na farko sai da ta fita titi ta yi tsalle.

Da lokacin ritayar Baffa ya matso, Inna ta zo da yadi mai tsada a jaka, tana ta kame-kame. Wai ya ce a yi masa riga da wando na ranar karramawa. Ko gaisuwa bai aiko ba, tun ranar ofis bai taka gidanmu ba.

"Zai zo a auna shi?" in ji Goggo.

"Ya ce kin san awonsa."

"Na sani kuwa."

Abin da Baffa bai sani ba shi ne, shekara da shekaru Goggo da ido take ɗinka masa. Duk zuwan da zai yi ta ƙare masa kallo, ta ƙara inci a ciki, rabi a wuya, ba ta faɗa, don kada ya ce ta ce ya yi tumbi. Wannan karon ta buɗe akwati ta ɗauko tsohon littafin awonta, ta nemo shafinsa na shekarar da ya zama malami. Ta bi shi lamba-lamba. Ban taɓa ganin ta ƙawata ɗinki kamar wannan ba. Da safiyar ranar taron ta aika masa, a goge, a ninke.

Mun je taron, ni da Baba. Baffa ya shigo zauren kamar an ɗaure shi da igiya, wuya ya shaƙe, maɓallan ciki suna neman agaji, wando ya tsaya masa a ƙauri. Ɗinkin Goggo ba ya ɓarkewa, don haka ko sauƙin yagewa bai samu ba. Bai iya zama ba, a tsaye ya saurari jawabin darakta kan gaskiyarsa da riƙon amanarsa. Da aka miƙo masa allon yabo ya kasa ɗaga hannu, sai da darakta ya sunkuyo ya sa masa shi a tafi. Tsofaffin ɗalibansa da ke zaune a baya suna ta tari don ɓoye dariya.

Daga zauren taron, gidanmu ya yo, ko gida bai biya ba.

"Auta! Wane irin wulaƙanci ne wannan?"

Goggo ba ta ɗaga ƙafa daga feda ba sai da ta kai ƙarshen layi. Ta buɗe littafin ta juya masa shi, ta ɗora tef a kai. "Ga awonka, Yaya. Da hannunka ka rubuta, don ka ce rubutuna ba kyau. Auna rigar. In ka samu ko rabin inci ya kauce, in biya ka yadinka."

"Awon shekara goma sha tara? Ke ba ki da ido ne? Ba ki ga na ƙara jiki ba?"

"Ido yana da dangi, Yaya."

Baba da ke tsaye a bakin ƙofa ya juya ya fita, kafaɗunsa na rawa don dariya. Baffa ya so ya nuna ta da yatsa, hannun bai ɗagu ba. Tun daga ranar telan kasuwa ke masa ɗinki, wandunansa duk suna jan ƙasa.

Aikin asibiti bai dawo ba. Da aka sake ɗaukar ma'aikata, shekarun Goggo sun wuce waɗanda ake nema. Har yau tana ɗakin bakin ƙofarmu, daga safe har hasken taga ya ƙare, ba fansho, ba hutun shekara, bayanta yana ciwo. Kwalin kuma Baffa ya miƙa shi ga wanda ya gaje shi, da tawul ɗinsa, an ce har hoto aka ɗauka.

Takardar shaidar ta iso wata biyu bayan an daina nemanta, mai kauri, da zanen zinariya a gefe da sa hannun Baffa a ƙasa. Na ce wa Goggo ta ba ni in adana a akwatin takardun gida. Ta murza ta tsakanin yatsu, ta ce takarda ce mai kyau, ba ta lanƙwasa. Ta ɗora ta kan tebur ta zana, ta sa almakashi ta fitar da ma'aunin wuyan riga. Da shi take yanka wuyan rigunan ’yan makaranta har yanzu. Rabin sa hannun Baffa yana jikinsa, ta wajen da ake ɗora alli.